Bahar da Jabal a Ɗakin Saudatu

A unguwar Aziziyya ta birnin Jidda, bayan layin masu sayar da kayan miya, akwai wani bene mai hawa huɗu, kuma a can saman rufinsa akwai ɗaki guda da aka gina don ajiye tarkace. Tsawonsa mita shida, faɗinsa biyar da rabi. Taga ɗaya gare shi, mai kallon yamma, da mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, wanda ya girmi yawancin yaran gidan. Shekara goma sha biyu ke nan, duk Asabar da Talata, daga bayan la'asar zuwa kiran magariba, mata ke taruwa a ɗakin nan su yi rawa. Mai ɗakin, wadda kuma take kiran rawar, ita ce Saudatu, da maƙwabta suka fi sani da Umm Saif, wato uwar Saif.

A Jidda aka haife ta, a shekarar 1968. Kakanta ne ya zo aikin hajji daga ƙasar Katsina, ya sauke farali, ya samu aikin ɗinki, ya zauna. Ita ba ta taɓa ganin Katsina ba, amma Hausar gidansu ba ta bar bakinta ba, sai dai Larabci yana shiga cikinta yana fita yadda ya ga dama. Ta auri Abdulghani, mai kula da wani sito a Khumra, suka haifi 'ya'ya huɗu. A 1995 ta kama aikin guga a wani rukunin gidajen ma'aikata 'yan ƙasashen waje da ke arewacin gari, kuma a nan ne rawar ta same ta, ba ita ta je nemanta ba.

Matan gidajen sukan taru ranar Laraba da hantsi a wani zaure, lokacin da mazansu ke wurin aiki. Wata rana Saudatu ta shigo ɗauke da mayafan tebur da ta goge, ta tarar da su su bakwai a tsaye, suna kallon ƙofa. Rawar tasu ta mutum takwas ce, ba ta yiwuwa da bakwai. Kafin ta ajiye kayan, wata ta kama hannunta, wata ta rataya mata karafatta a wuya, irin igiyar nan ta 'yan ofis, aka nuna mata da hannu cewa yau ita namiji ce. Doguwa ce, shi ya ja mata. Shekara tara ta yi tana rawar maza da karafatta a kan rigar aiki, har ta haddace kiran rawar kaf ba tare da ta iya yaren masu ita ba.

Tsarin rawar ba wuya a faɗa. Mutum takwas ne, bibbiyu, a kusurwa huɗu, kowace ƙungiya tana fuskantar tsakiya. A kowace ƙungiya akwai na hagu da na dama, kuma aikinsu daban ne. Mai kira yana gefe yana faɗin abin da za a yi, masu rawa suna bi nan take: waɗannan su shiga tsakiya, waɗancan su zagaya, a saƙa, a rabu, a sake haɗuwa. Daɗinta da haɗarinta abu ɗaya ne. In mutum guda ya ɓace, bakwai sun ɓace tare da shi.

A 2004 matan suka kwashe suka koma ƙasashensu, aikin guga ya ƙare, Saudatu ta dawo gida da rawar a kanta. Rawar ta zauna a can shekara bakwai ba a taɓa ta ba, sai da likitan mustausaf, ƙaramin asibitin unguwa, ya duba jininta ya ce sukari ya hau, dole ta riƙa tafiya da ƙafa.

"Tafiya ina, ya daktur? A zafin ranar Jidda?"

"Ko a cikin ɗaki ne," in ji shi.

Ta dawo ta fitar da tarkacen saman bene, ta wanke ƙasa sau uku, ta bi maƙwabta ƙofa ƙofa. Wadda ta fara hawowa ita ce Abir, wadda ta girme ta da shekara goma, har ake kiranta Abla, wato yaya, mai haɗa turaren wuta tana sayarwa. Ta hau matakala sittin da huɗu tana haki, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ita ba ta gane abin da ake nufi ba, amma ta zo ta ga wanda zai fara faɗuwa.

Ranar da suka cika takwas, Saudatu ta jera su, ta kunna kiɗa a waya, ta ce, "Maza, ku shiga tsakiya."

Babu wadda ta motsa.

"Maha, da ke nake. Ke ce ta hagu."

Maha matar mai gyaran firiji ce a hawa na biyu, kuma ba a san ta da haɗiye magana ba. Ta riƙe ƙugu ta ce, "Ya Umm Saif, bakwai na haifa, biyu da tiyata. Yau kuma a saman benenki zan zama namiji? To ki ba ni albashinsa da rimot ɗin talabijin."

Aka yi dariya har aka manta da kiɗan. Amma maganar ta zauna wa Saudatu. Da ta auna, sai ta ga a shekara taran da ta yi da karafatta babu wani abu na maza da ta taɓa yi. Tsayuwa ce a hagu, da sanin inda za ka nufa in an kira ka. Suna kawai ake bukata, da alama. Ta dubi ɗakin: taga tana kallon teku, ƙofa tana kallon duwatsun gabas. Daga ranar na hagu suka zama Bahar, wato teku, na dama suka zama Jabal, wato dutse. Ta sayo ƙyalle, ta yanka ɗankwali huɗu shuɗi na Bahar, huɗu ruwan ƙasa na Jabal, ana ɗaurawa a kafaɗa. Ta kuma kafa doka guda: ɗankwalayen suna cikin jaka, kowa ta sa hannu ta zaro ba tare da ta leƙa ba. Abin da kika zaro shi ne ke a ranar. Da haka kowa ta iya ɓangare biyun, kuma babu wadda ta mallaki wani.

Shekaru suka yi ta tafiya a haka. Wasu sun tashi daga unguwar, wasu sun shigo, ɗaya ta rasu. A bana mata goma sha ɗaya ke zuwa, takwas a fili, sauran a kan tabarma suna jiran canji da shayi a hannu. Sukarin Saudatu ya sauka ya tsaya wuri ɗaya. Abdulghani ya yi ritaya, ya kuma koyi barin gida da la'asar duk Asabar da Talata, don ya ce silin ɗinsu yana amsa kiɗan.

Cikin kiraye-kirayen akwai wanda matan suka fi so, shi ne "kama ta kusa". Bayan an saƙa an cakuɗe, Saudatu takan faɗe shi ba zato, kowa ta cafke wadda ke kusa da ita, da sharaɗin Bahar ta kama Jabal, Jabal ta kama Bahar. Ido ne ke aikin: ka hango launin kafaɗa, ka miƙa hannu.

Wata Talata a watan Rajab, Abir ta zaro ruwan ƙasa. Da aka ce "kama ta kusa" sai ta rungumo Maha, wadda ita ma ruwan ƙasa ne a kafaɗarta. Shuɗi biyu suka tsaya a gefe ba abokiyar rawa, kusurwa huɗu ta rushe.

"Abla Abir, in sona kike ki faɗa, ba sai kin ɓata wa mutane layi ba," in ji Maha.

Aka yi dariya, aka sake jeri. A zagaye na biyu ta kama wata Jabal ɗin. A na uku ta tsaya cik a tsakiyar ɗaki, hannunta a miƙe, tana juya kai, har kiɗan ya wuce ta. Wannan karon ba a yi dariya ba. Ta kwance ɗankwalin, ta ninke shi, ta ce gwiwarta ce ke ciwo.

Ranar Asabar Abir ba ta zo ba. Talata ma haka. Ranar Laraba da hantsi Saudatu ta sa abaya ta taka layi biyu zuwa gidan ɗan Abir, inda take zaune tun rasuwar mijinta. Ta same ta a ɗakinta, labule a sake, kwalaben turare jere a gabanta, tana gane su da hanci.

"Yaya gwiwar, Abla?"

"Gwiwa ƙalau take, kin sani, na sani. Zauna."

Saudatu ta zauna.

"Idon ne. Tun bara. Daktur ya ce sukarin ne ya taɓa can ciki, ba irin wanda ake kankarewa ba ne. Ina ganin mutum, amma kamar ta gilashin banɗaki. Shuɗinki da ruwan ƙasarki duk toka ne a wurina. Wata shida ina haddace wa ya zaro me tun daga farko, in bi murya. To yanzu kina canja mutane a tsakiyar rawa, kaina ba ya riƙewa."

"Da kin faɗa mini."

"In faɗa miki ki yi me? Ki sa mutum bakwai su riƙa lallaɓa ni? Ni ba zan zama wadda ake jira ba, ya Saudatu. Halas, shi ke nan, na yi nawa."

Saudatu ta san abin da halas ɗin nan ke nufi. Abir ba ta zuwa kasuwa, an hana ta girki, surukarta mai kirki ce amma tana wurin aiki har yamma. Matakala sittin da huɗun nan, sau biyu a mako, su ne duk fitarta. In ta daina hawansu, wannan ɗakin mai sakakken labule ne zai cinye ta.

"Ba ni Asabar biyu," ta ce. "In ban samo hanya ba, ba zan ƙara buga miki ƙofa a kan maganar nan ba."

"Ke da taurin kai. Sha shayinki."

Dabarar farko tun a ɗakin ta zo mata, tana kallon Abir tana bambance kwalba da kwalba. Matar da ke gane itacen oud na gaske daga tsallaken titi, me za ta yi da launi? Ta aika wa mata saƙo a waya: ranar Asabar kowa ta zo ba turare a jikinta, ko ɗigo. Ta tanadi kwalba biyu, ruwan wardi na Bahar, man oud na Jabal, za a shafa a wuyan hannu.

Ranar Asabar duk suka zo, har da Abir, kuma kowace ta rantse ba ta sa komai ba. Abir ta tsaya a bakin ƙofa suna wucewa ɗaya bayan ɗaya.

"Najwa, miski."

"Wallahi Abla na jiya ne."

"Hind, abayarki a kan kasko ta kwana."

"Ai wannan ba sa turare ba ne, hayaƙi ne kawai."

"Maha, ke kuma har uku."

"Ni in fito kamar wadda ta taso daga soya kifi? Ana da maƙwabta."

Babu wadda ta yi ƙarya a ganinta. A wurinsu turaren da ya riga ya kama tufa ba ya cikin lissafi, kamar yadda gishiri ba ya cikin lissafin kayan miya. Saudatu da kanta, da Abir ta matso ta shinshina gyalenta, sai ta kawar da kai.

Duk da haka aka shafa, aka jera, aka fara. Minti biyar na farko abin ya yi kamar zai yi. Abir ta kama daidai sau biyu, fuskarta ta saki. Amma rawa ce ta riƙe hannu. Kowane saƙi, wardi yana taɓa oud, oud yana taɓa wardi, gumi yana haɗa su, mukayyif yana kaɗa abin da ya rage yana raba wa kowa. Kafin a ƙare waƙa ta biyu Najwa ta fara atishawa. Aka ce "kama ta kusa", Abir ta ɗaga hanci hagu, ta ɗaga dama, ta sauke hannu.

"Dukkanku kun zama shago ɗaya," ta ce.

Ta yi dariya tare da su, har da share hawaye, amma ta koma kan tabarma, kuma ba ta sake tashi ba har magariba. Da za ta sauka ta dafa kafaɗar Saudatu ta ce, "Saura ɗaya. Kuma kada ki wahalar da kanki."

Ranar Lahadi da safe, bayan ita da Abdulghani sun gama karyawa da ful da tamis, wato dafaffen wake da gurasa, Saudatu ta janye teburin falo, ta ɗaure idonta da gyale mai shara-shara ninki uku, har ɗakin ya koma hazo.

"Abu Saif, tashi ka tsaya can."

"Ni fa na ce miki ban da ni a harkar nan."

"Ba rawa za ka yi ba, ginshiƙi za ka zama. In na ƙirga huɗu ka taho wajena."

Ya ajiye kofinsa ya tashi yana gunaguni. Ta ƙirga, ya taho. Ta ga wata inuwa ta tunkaro ta, ba fuska, ba launi, kuma kafin ta yanke shawarar komai hannunta ya riga ya faɗa cikin nasa. Suka sake, sau biyar. Kowane karo abu ɗaya ne: ido bai gama tambaya ba, hannu ya isa. Ta ji kaushin tafinsa na shekara talatin a sito, ta ji zobensa, ta ji har tabon da ke gefen babban yatsansa. Ta tsaya riƙe da hannun.

"Lafiya, Umm Saif? Ko yau kika fara ganinsa?"

"Yi shiru, ina tunani. Shekara goma sha biyu ina sa alama a kafaɗa, alhali ba kafaɗa ake kamawa ba."

Ya ce yana da safar hannu ta sito guda shida a mota, masu roba a tafi. Ta ce ba buhun siminti za su ɗauka ba. Ta buɗe durowa ta fito da baƙar safar hannu ta mata, irin siririyar nan da wasu ke sawa da abaya, ta cusa masa ɗaya ta tsaya a rabin tafinsa. Ta mayar da gyalen, ta sa ya riƙa miƙo mata hannu, wani lokaci mai safa, wani lokaci tsirara, ba tare da ya faɗa ba. Sau ashirin ta gwada, sau ashirin ta gane.

Ranar Talata ba ta ce wa kowa komai ba, ta dai ƙirga taku a ranta tana kira. Ta gano cewa alama kaɗai ba za ta isa ba. Mai ido tana zaɓe tun daga nesa, mai hannu sai ta taɓa tukuna, in kuma ta taɓa wadda ba tata ba tana bukatar lokacin wucewa. Don haka ta ƙara bugu biyu a kiran.

Asabar ta biyu Abir ta iso ita ce ta ƙarshe, ta zauna a bakin tabarma ba ta cire takalmi ba. Saudatu ta ɗaga jakar.

"Daga yau babu ɗankwali. A cikin nan akwai safa huɗu da maɓalli huɗu. Wadda ta zaro safa Bahar ce, ta sa a hannun dama. Wadda ta zaro maɓalli Jabal ce, hannunta haka nan. In na ce kama ta kusa, a fara taɓawa. Fata ta nemi ƙyalle, ƙyalle ya nemi fata. In kin ji irin naki, ki sake ki wuce gaba, akwai bugu biyu na wannan. Kuma kowa da hannu za ta nema, mai ido da marar ido."

"Safa ɗaya a hannu ɗaya," in ji Maha. "In mijina ya gan ni zai ce na ƙone a kicin."

"Ba zai lura ba," in ji Hind. "Sai dai in firiji kika sa wa."

Abir ta miƙa hannu aka kai mata jakar. Ta lalubo, ta zaro safa. Ta sa, ta murza yatsu, ta ce a ba ta hannun Najwa, sannan na Hind mai safa. Ta girgiza kai.

"Kin gwada da hannu tsirara ne kawai, ko? Ta cikin ƙyalle duk ɗaya nake ji. Ke nan kullum sai dai in zama Jabal, a keɓe mini maɓalli kamar marar lafiya."

Saudatu ta yi tsaye. Wannan bai zo mata ba.

"Akwai almakashi a gidan nan?" in ji Abir.

Aka sauka aka ɗauko. Ba ta yarda kowa ya taya ta ba. Ta cire safar, ta bi yatsun da lalube, ta datse kan kowanne, ta mayar. Yatsunta biyar suka leƙo, tafi da bayan hannu a rufe. Ta sake taɓa Najwa, ta taɓa Hind.

"Yanzu magana. Kawo sauran ukun."

Ta yanke su duka, ta cire takalmi, ta shiga ta tsaya a hagun Maha. Saudatu ta kunna kiɗa.

"Yalla. Gaida ta gefenki. Bahar, tsakiya. Koma gida. A saƙa, dama, hagu, dama."

Ta bar su suka cakuɗe sosai, har ita kanta ta daina sanin wa ke ina, sannan ta ce, "Kama ta kusa."

Hannun Abir ya sauka a bayan hannun Hind, ya ji ƙyalle, ya zame ya wuce. Bugu ɗaya, bugu biyu, ya faɗa cikin tafin Najwa, ya riƙe. Ƙungiya huɗu suka tsaya a kusurwa huɗu, ba wadda ta rage. Saudatu ba ta tsayar da kiɗan ba, ta ci gaba da kira kamar kullum. Sau tara ta faɗi kiran nan a yammacin. Sau ɗaya layi ya rushe, kuma Maha ce, don ta tsaya leƙen hannun mutane maimakon ta taɓa.

"Rufe idon, ya Maha," in ji Abir. "Ba ya taimakonki."

Da aka kira magariba suka kashe kiɗa, kowa ta jefa abin da ta zaro cikin jaka. Saudatu ta ƙirga: maɓalli huɗu, safa uku. Abir tana bakin ƙofa tana gyara abaya, ta huɗun tana leƙowa daga jakar hannunta.

"Abla, safar."

"Bakin yankan yana zarewa, sai an ƙulle shi da zare. Zan sa surukata ta bi shi. Talata zan zo da ita. Ki kuma gaya wa Najwa ta riƙa miƙo hannu da wuri, ba sadaka nake roƙo ba."

Ta kama ƙarfen matakala ta fara sauka, Maha tana gabanta da taku ɗaya, suna musu a kan wa zai kawo shayin Talata.